Ƙasusuwan da Na Yi wa Wanka

Ku gyara zama, ku aje abin da ke hannunku, ga wata nan tafe gare ku. Da tatsuniya ce da na ji daɗi, don ita tatsuniya in ta ƙare kowa kakkaɓe zanensa yake yi ya tashi. Wannan kuwa a kaina ta faru, da rana tsaka, a gaban mutanen gari uku.

Ba zan taɓa mantawa ba, shekarar da bahar, wato babban koginmu, ya cika ya cinye mana gonakin baki, a cikinta ne masu tonon ƙasa suka sauka garinmu. Garinmu yana kudu da Abu Hujar, gabansa ruwa, bayansa wani tudu da muke ce wa Tudun Tsingaro. Ba ya fid da ciyawa, awaki ba sa daɗewa a kansa, duk inda ka taka fasassun tukwane ne. Mata masu ginin tukwane can suke zuwa su kwaso tsingaro su daka su gauraya da yumɓu. Ba wanda ya taɓa tambayar wa ya fasa tukwanen nan haka da yawa.

Ni kuwa sana'ata wankan gawa. Shekara arba'in da ɗoriya, duk macen da ta rasu a garinmu ta hannuna take bi. Ba gado na yi ba, ba kuma don abin sadaka ba. Dalilina mahaifiyata ce.

Kakata, wadda ta haifi uwata, sunanta Iya Dije. Daga ƙasar Sakkwato ta fito da ƙafa, ita da mijinta, da niyyar Makka. Shekara bakwai suna tafe, in damina ta kama su su tsaya su yi noma, in rani ya yi su ɗaure kaya. Da suka iso bakin ruwan nan sai agana ta faɗa wa ayarinsu. A gindin tudun nan Iya Dije ta cika. Mutane suka ji tsoron taɓa ta. Ba wanka, ba likkafani, ba salla. Rami aka tona aka tura ta da sanda cikin zanen da ke jikinta. Uwata tana da shekara shida, tana tsaye tana kallo. Har ta tsufa, in muka bi ta wajen tudun za mu itace sai ta tsaya ta ce, “Inna na nan, amma ban san ina ba.” Ranar da za ta rasu ma maganarta ke nan: an rufe uwarta kamar mushe. To tun daga ranar na ɗauki ƙwarya da ganyen magarya, na ce muddin ina numfashi ba macen da za ta sake tafiya haka a garin nan.

Kun ji tushen abin. Ku riƙe shi, don shi kaɗai ne uzurina, sauran duk wauta ce tawa ta kaina.

Masu tonon sun zo cikin motocin boksi biyu, da takardar hukuma, umda, wato mai garinmu, ya karɓe su. Suka ce daga jami'a suke, aikinsu neman asar, wato kayan mutanen da. Shugabarsu mace ce, ’yar siririya, Daktora Nafisa, da malfa a kan gyalenta. Suka ɗauki mazan gari aiki, suka sa Usman ɗan ƙanena gafir, shi ke gadin wurin. Mun sha dariya kuwa. Mutane da karatunsu, sun kafa turaku sun ja zare, suna tonon ƙasa da ɗan cokali, suna share ta da buroshi kamar masu yi wa amarya kwalliya, sannan su tankaɗe ta a rariya. Abin da suke tonawa a mako guda, Usman zai tone shi kafin a sauke shayin safe.

Ran wata Alhamis sai ga Usman ya shigo gidana ko sallama bai gama ba.

“Gwaggo, sun iske mutum.”

Na yafa tobina na bi shi. Ramin bai kai ƙirjin mutum ba. Na leƙa. Ga ƙasusuwa kwance a gefe guda, gwiwoyi sun naɗe har ƙirji, kamar mai jin sanyi da ba a ba shi mayafi ba. Tukunya a wajen kai. Wani dutse mai santsi kusa da hannu. Haƙoran gaba na ƙasa babu su. A ƙugu kuwa ga ’yan fararen duwatsu a jere, zagaye guda.

Na zauna a bakin ramin. Uwata ta sha gaya mini Iya Dije tana da giɓi a ƙasa, jaki ne ya harbe ta a hanya. Ta kuma ce da jigidarta aka rufe ta. (A nan sai in faɗi gaskiya tunda kabari nake fuskanta: jigida kawai uwata ta ce. “Fara” ɗin ni na ƙara a bakin ramin nan, kuma kafin in kai gida har ina jin muryar uwata tana faɗinta.)

Na ce wa Daktora, “Ɗiyata, wannan kakata ce.”

Ta durƙusa kusa da ni, ta kama hannuna. Yarinyar tana da ladabi, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta kira ni kaka da harshensu, ta ce, “Habboba, ki bari mu gama aune-aunenmu. Gobe Juma'a za mu Sinja, ranar Lahadi in mun dawo zan zo har gida mu zauna.”

Na ce to. Amma ina kallo maza biyu suka tsaya a kan kakata, ɗaya yana ɗaukar hoto, ɗaya yana auna ƙugunta da zare. Matar da ta bar garinsu don ɗakin Allah, ga ta tsirara a rana, ƙattai na gwada faɗin kwankwasonta. Suka gama, suka rufa mata buhu, suka watsa rairayi a kai, suka tafi.

Da hantsin Juma'a na aika aka kira mini Kande. Kande ƙawata ce tun muna tallan gyaɗa, ita ke zuba mini ruwa in ina wanka, bakinta kuwa ba ya ajiya. Muka ɗauki babban kwando da zane fari muka hau tudu. Usman na zaune a inuwar rakubarsa, wato ’yar rumfarsa, da ya hango mu ya miƙe.

“Gwaggo, don Allah. Aikina ne. An ce ko akuya kar ta taka.”

“Ni akuya ce?”

“A'a, Gwaggo, amma Daktora...”

“Daktora ce ta goya ka lokacin da uwarka ke jegon ƙanenka? Bayan wa ka yi wa fitsari shekara biyu?”

Ya juya mana baya ya tsaya yana kallon bahar, kamar yau ya fara ganinsa.

Muka yaye buhun. Na shiga ramin da bisimilla na fara tsince su ɗaya ɗaya. Ba su da nauyi, kamar karan dawa da ya shekara a rana. Na kwashe har ’yan yatsu, har duwatsun ƙugu, har dutsen nan mai santsi, wanda na ce na niƙa kwallinta ne. Tukunyar kawai na bar musu, na ce tasu ce, su auna ta har su gaji.

A ɗakina na shimfiɗa su a kan angarib, gadona na igiya, na jera kowanne a mazauninsa gwargwadon sanina. Na dafa ruwa da ganyen magarya, na jiƙa kafur. Na rufe ƙofa, na sa aka kori duk namijin da ke tsakar gida, har wani tsoho makaho da ya zo gaisuwa, don ba a wankan mace namiji na kusa. Na yi niyya. Na fara da dama.

Jama'a, tsohon ƙashi ba ya son ruwa. Haƙarƙarin da na fara zuba wa sai na ji yana narkewa a tafin hannuna kamar ƙullun asida. Na ɗauki wani, shi ma ya ruguje. Ina kuka ina cewa, “Yi haƙuri Iya, mun makara.” A raina kuwa cewa nake rahama ce ke sauka, jiki ya samu abin da ya daɗe yana jira.

Kande tana zuba ruwa tana kallon ƙashin cinya. Can ta ce, “Ke, kakar nan taki doguwa ce.”

“Zuba ruwa.”

“Wallahi ƙafar nan ta fi ta Usman.”

“Wadda ta tako daga Sakkwato da ƙafa, da guntuwar ƙafa kike so ta zo?”

“To haɓar fa? Ni ban taɓa ganin mace da haɓa kamar turmi ba.”

“Kande, gawa ake yi wa wanka. Ki ji tsoron Allah.”

Ta ci gaba da zuba ruwa, amma na ga bakinta yana motsi.

Da na zo kan haƙora sai na tarar duk gindinsu ya yi wani dauɗa mai tauri kamar dutse. Na ce kakata ba za ta sadu da Ubangijinta da baki haka ba. Na sa aswaki, ya ƙi fita. Na ɗauko ’yar wuƙa na zauna na kankare su tas, ɗaya bayan ɗaya, har suka yi fari. Na fi sa'a guda a kan wannan aikin, kuma ina alfahari da shi.

Sannan na buɗe akwatina. Mijina, marigayi Malam Sule, da ya je hajji ya zo da likkafani biyu da ya tsoma a ruwan Zamzam ya shanya a can. Ya tafi da nasa shekara goma kafin wannan rana. Nawa yana ƙasan akwati, ko ’ya'yana ban yarda su taɓa ba. Na fito da shi na yanka yadda ake yanka na mace, har da kallabi, na naɗe ƙasusuwan, na shafa turare. Kande ta ce, “Naki ne fa.” Na ce wadda ta mutu a hanyar Makka ta fi ni cancanta.

Ana saukowa daga Juma'a na sa aka tare mini liman a ƙofar masallaci. Malam Garba mutum ne mai sanyin hali, na girme shi nesa, kuma ni na wanke mahaifiyarsa. Na gaya masa komai. Ya daɗe yana shafa gemu.

“Inna, kin tabbata?”

“Na tabbata.”

“Don na ji an ce kwanciyar ba ta alƙibla ba ce.”

“Wanda aka tura da sanda, wa ya tsaya duba masa alƙibla?”

“Haka ne. Amma da an jira mutanen nan sun dawo...”

“Malam, shekara nawa tana jira? In ba kakata ba ce, kar Allah Ya ba ni mai wanke ni.”

Na rantse wannan rantsuwa da bakina, a ƙofar masallaci, ranar Juma'a. Ya sunkuyar da kai ya ce a fito da ita.

Duk wanda ya yi Juma'a a garin ya tsaya sahu. Ban taɓa ganin jana'izar mace da ta tara mutane haka ba. Da aka tambayi inda za a tona, na aika cewa a kwashe ƙayar da ke gefen kabarin Malam Sule. Kowa ya san wurin nan nawa ne. Tun ranar da aka rufe shi nake kewaye gefensa da ƙaya, duk damina in sabunta. Na ce a sa ta a nan, ni Allah Ya ba ni wani.

Kwana biyun da suka biyo baya ban taɓa jin jikina sakayau haka ba. Na aika Wad Madani, na aika Hajj Abdalla, duk inda jinin Iya Dije yake, na ce a zo sadakar uku ranar Lahadi. Aka zo kuwa, mota biyu. Na sa aka yanka ragon da nake kiwo. Aka yi kisra, aka tuƙa asida, jabana, wato gahawa, na zagayawa. Mata suna zuwa suna kama hannuna suna shafawa a fuska. Na ba da labarin ya fi sau biyar, kowane karo yana ƙara tsawo. (A karo na uku ne mafarki ya shigo, wai Iya Dije ta zo mini da farin tob ta nuna mini tudun. Ban yi mafarkin kowa ba. Barcina nake yi kamar jaka.)

Ana tsakar rabon nama sai ga Daktora Nafisa a ƙofar gida, ƙafarta duk ƙasa, idonta ja. Ta riga ta je ta ga ramin. Ta yi sallama, ta gaida manya, ta zo ta durƙusa gabana ta yi ƙasa da murya.

“Habboba, ina son magana da ke. Mu biyu, a ɗaki.”

Ni kuwa na ɗauka ta zo karɓar ƙasusuwa ne, kuma ga dangina cike da gida, ga maza a rakuba. Na ce yau yarinyar nan za ta san garin da ta zo. Na ɗaga murya yadda na bayan gida zai ji.

“Ɗiyata, nan babu bare. Duk jikokin wadda kika tone ne. Faɗi a nan.”

“Don Allah, Habboba, mu shiga ciki. Minti biyu.”

“Abin da ba za a faɗa gaban mutane ba, ba na son jin sa.”

“Na roƙe ki.”

Sau uku ta roƙe ni. A na ukun har ta kama gefen tobina. Na fizge. Na sa aka kira liman ya matso, aka kira mazan Madani, na ce wa masu jabana su dakata da daka. Da hannuna na tara wa kaina ’yan kallo, na kuma sa aka yi shiru don kar wani ya rasa ko kalma guda.

Ta miƙe tsaye. Ta ce, “To. Habboba, mutanen da ke cikin tudun nan ba ayarin kakarki ba ne. Ƙasar da ke kansu ba a taɓa motsa ta ba. Irin tukunyar da ke wajen kan nan mun san ta, masu yin ta ko ƙarfe ba su sani ba. Lokacin da aka yi wannan kabari ba a kafa Sakkwato ba, ba a kafa Sinnar ba. Manzon Allah bai zo ba. Annabi Isa ma bai zo ba, da sauran nisa.”

Aka yi salati. Ni kuwa na yi dariya, irin ta manya.

“Giɓin fa? Jaki ne ya harbe ta.”

“Cirewa suke yi da gangan, ado ne a wurinsu. Mun samu haɓa biyu a gefen ramin, duk haka suke.”

“Jigidar fa?”

“Ɓawon ƙwan jimina ne. Mazansu ma suna ɗaurawa.”

“Dutsen kwallinta fa?”

“Gatari ne, Habboba.”

Sai ta fito da wayarta ta buɗe hoton da aka ɗauka ranar Alhamis, ta buɗa shi da yatsu biyu har ƙashin ƙugu ya cika fuskar wayar, ta miƙo mini. Ta ce, “An ce mini shekara arba'in kina wanke mata. Kin fi ni sanin ƙugun da ya haihu. Ki duba da kanki.”

Na duba. Ƙugu ne matsattse, tsukakke, ko ɗan mage ba zai bi ta cikinsa ba, balle uwata da ’yan'uwanta huɗu. Abin da ya fi ci mini rai har gobe shi ne, ba a wayar na fara sani ba. Hannuna ya sani tun ranar Juma'a. Da na ɗaga ƙashin nan a kan angarib sai da hannuna ya tsaya, ni na ce masa ya ci gaba.

Daktora ta ce, “Namiji ne. Babban mutum, ya manyanta.”

Kun san shirun da ake yi in an sauke gawa a rami kafin a fara tura ƙasa? Irinsa aka yi. Wata mata da ta kai loma baki ta dawo da ita cikin kwano. Wani dattijo na garinmu ya ce a hankali, “Sahun Juma'a guda muka yi wa arne.” Liman bai ɗaga kai ba, ya ce, “Inna, sai da na tambaye ki.”

Da na yi shiru a nan, da wataƙila an tausaya mini. Amma bakina bai gama da ni ba. Na ce, “To ko da namiji ne, ai sai ya zama kakana ne, mijinta.”

Wani ɗan'uwana na Madani ya ce, “Yaya, kakanmu a Madani ya rasu. Bara ma tare da ke muka je kabarinsa.”

Sai muryar Kande daga wajen murhu, ba ta ko rage ta ba: “Shekara goma tana tsare wurin da ƙaya, ashe ƙato take yi wa ajiya. Allah Ya ba Malam Sule haƙuri.”

Wani ya tuntsire, ya toshe baki da rawaninsa. Daga nan ta ɓarke. Maza suka fita waje suna tari, mata suka kifa kai a cinyar juna. Ba dariyar daɗi ba ce, irin wadda ke kama mutane a gidan makoki ce, ana yi ana istigfari. Ni ina zaune a tsakiya a kan sabuwar tabarma, da ƙanshin kafur a hannuna. Macen da ta kori makaho daga tsakar gida don kar ya kusanci wankan mace, ita ce ta kulle ƙofa ta yi wa namijin da ba muharraminta ba wanka uku, ta ɗaura masa kallabi.

Bayan an watse ne na shiga ɗakin da aka roƙe ni in shiga tun farko. Daktora ta biyo ni. Ba ta yi mini faɗa ba, tambaya take yi: me na zuba, sau nawa, me ya karye. Da na zo kan haƙora, ina ba ta labari da ɗan sauran alfaharina, sai ta dafe kai ta zauna a bakin angarib.

“Kin kankare?”

“Tas.”

“Habboba, wannan dauɗar ita muka fi nema. Abin da mutum ya ci duk rayuwarsa yana maƙale a cikinta. Da ita za mu san ko sun noma dawa, ko madara suke sha, ko kifi. Ba wanda ya rubuta labarin mutanen nan, a haƙoransu kawai yake. Shi ne cikakken mutum na farko da muka samu.”

Ta yi hawaye, wallahi. Ni da na zaci ba su ɗauki mamaci a bakin komai ba, sai ga shi ita ma wani take nema a tudun nan, kamar yadda nake nema.

Kwana uku ana gardama a gari. Wasu suka ce a tone shi a fid da shi daga cikin Musulmi. Daktora ta ce bayan ruwa da kafur da wuƙa, abin da ya rage ba zai amfane ta ba. Liman ya yanke cewa wanda ya mutu kafin saƙo ya iso, lamarinsa na wurin Allah, kuma an riga an tone bawan Allah sau ɗaya, ba za a mai da shi abin wasa ba. Aka bar shi. Umda ya zo har gida ya wanke ni tas a gaban surukaina, ina zaune kamar yarinyar da ta fasa tulu. Aka sallami Usman daga gadi.

Hukuncin gaske kuwa ba wanda ya furta shi. Bayan wata guda wata maƙwabciyata ta rasu wajen haihuwa. Na ji kukan, na tashi na haɗa ƙwaryata da magarya da kafur, na zauna a bakin ƙofa ina jiran ɗan aike. Ina nan zaune rana ta take. Ina nan zaune aka wuce da makara. Kande aka kira. Ban ga laifinsu ba. Wa zai ba da gawar ɗiyarsa ga wadda ba ta bambance mace da namiji, ga kuma rantsuwa a kanta? Shekara uku ba a ƙwanƙwasa mini ƙofa ba.

Sauran kuma yaƙin nan da ya ɓarke a ƙasar ne ya raba mu, kowa da inda ya faɗa.

Daktora Nafisa ta ƙara rani biyu a tudun, ta samu waɗansu mutanen, ta jera su a kwali ta kai Hartum. An ce yanzu tana Masar. Wanda ya yi waya da ita ya ce ita kanta ba ta san inda kwalayen suke ba.

Usman ya tafi arewa haƙar zinariya. Har yau in ya kira waya, kowa yake gaisarwa kafin ni.

Malam Garba ya ƙi barin gari lokacin da muka gudu. Ciwon sukari ne ya kashe shi, ba magani. Mutum huɗu suka yi masa salla.

Kande a hanya ta rasu, kwana biyu da fitarmu, muna tafe gabas da ƙafa. Ba wanda aka aika ya kira ni, ni kaɗai ce a wurin. Da rabin jarka na wanke ta, na naɗe ta a tobinta, waɗansu maza da ban san sunansu ba suka tona mata a gindin wata bagaruwa. Ko yau aka mai da ni hanyar ba zan gane bishiyar ba.

Iya Dije tana inda take. Ban sake nema ba.

Mutumin tudu kuwa yana nan kwance gefen Malam Sule cikin likkafanin Zamzam, da farin haƙori. Waɗanda suka koma gari sun ce kabarinsa bai ko lotsa ba. A duk mutanen labarin nan, shi kaɗai ne bai yi gudun hijira ba.

Ni ina Gadarif wajen ɗiyata, kuma an dawo ana kirana, don mutuwa ta yi yawa, ba mai sararin tuna abin kunyar tsohuwa. Ina zuwa. Sai dai yanzu in hannuna ya tsaya, nakan tsaya in ji abin da yake faɗi. Ku kuma in Allah Ya kai ku shekaruna, ranar da wata ’yar siririya mai karatu ta durƙusa ta ce muku, “Habboba, mu shiga ɗaki,” ku tashi ku bi ta, ko da rago na kan wuta.